Teburin da Ya Fi Jif Tsawo

Abu biyu Kafinta yake taƙama da su a duniya: ɗa namiji guda da tsohuwar jif guda. Duk wanda ya zauna a bakin shagonsa na rabin yini zai gane wanda ya fi samun gata a cikinsu, kuma ba ɗan ba ne. Jif kullum safiya sai an wanke ta, an leƙa ƙarƙashinta, an kasa kunne an saurari tarinta. Ɗan kuwa, wanda ake kira Magaji saboda shi kaɗai ne namiji a cikin 'yan'uwansa mata, ba a taɓa jin uban ya ce masa sannu da aiki ba. Ga shi ya yi aure har da 'yar ɗiyarsa mai tatata, gemu ya rufe masa haɓa, amma a bakin Kafinta har yau sunansa "kai yaron nan".

Alhali Magajin nan shi ne shagon. Idon Kafinta ya fara gajiya, bayansa ya daina yarda da dogon sunkuyo, duk wani aiki mai wuya hannun ɗan ne yake fitar da shi. Wani abokin Magaji da ya buɗe babban wurin yin kujeru a wani gari mai nisa ya daɗe yana kiransa, yana ce masa ga ɗaki, ga benci, ga injin yanka. Magaji yana ce masa tukuna. Kowa a layin ya san ranar da tukunar nan ta ƙare, shagon Kafinta ya zama rumfar hira. Kafinta ma ya sani sarai, amma da ya furta gara ya haɗiye ƙusa.

Gaskiya dai a faɗe ta, Kafinta ya tsani a-kori-kura, motar kayan nan mai buɗaɗɗen baya, kuma ƙiyayyar tana da asali. Yana saurayi, aikinsa na farko mai tsoka wani kabad ne da ya yi wa wani gidan masu hali. Ya ɗauki hayar a-kori-kura, direban ya cusa abokansa a gaba, shi kuma ya hau baya ya rungume kabad. Suna tsakiyar hanya sama ta ɓalle da ruwa, babu tamfol, babu wurin fakewa. Da suka isa, maigadi ya dubi motar sama da ƙasa, ya nuna musu ƙofar baya inda ake fitar da shara. Matar gidan ta ja murfin kabad ta ji ya kumbura ya ƙi buɗuwa, ta ce a mayar masa da kayansa. Ya tsaya a tsakar gidan mutane ruwa na ɗiga daga wandonsa, 'yan aiki na leƙensa ta taga suna dariya. Wannan tsayuwar ba ta taɓa barin ransa ba.

Jif ɗin kuwa a gwanjo ya same ta, wajen wata ƙungiya mai haƙa rijiyoyi a ƙauyuka, lokacin da suka gama cin moriyarta. Tun a ranar ma ba yarinya ba ce. Amma ran da ya fara kai kaya da ita, maigadin gidan ya ƙame ya sara masa, ya wangale get duka ɓangare biyu, ya ce, "Ranka ya daɗe, a shigo." Wannan sarawar ita ta gama da Kafinta. Da maigadin ya san abin da zai jawo wa mutanen wani layi, da ya bar hannunsa a aljihu.

Ba a ƙi ta jif ba, mota ce. A rufe take ruf, ruwa ba ya taɓa kaya, ɓarawo ba ya miƙa hannu a cunkoso. Tana da tsayi, tana da ƙarfe na gaske, idan aka sa mata ƙaramar giyar nan mai jan tayoyi huɗu, taɓo sai dai ya yi haƙuri. To amma ina taɓon? Tsakanin shago da kasuwar katako kwalta ce, ko da ta farfashe. Sai ga Kafinta yana ciyar da ƙatuwar dabba mai shan mai kamar rariya, kayan gyaranta sai an aika gari-gari, duk don ta ɗauki abin da amalanke ma zai ɗauka. Kuma babbar matsalar, ita an yi ta ne don mutane. Ko an kwantar da kujerun baya, cikinta yana da iyaka, ƙofar bayanta ma tana da iyaka.

Wani da ya ga haka sai ya canza mota. Kafinta sai ya canza sana'a. Ya samo wata miƙaƙƙiyar sanda, ya auna faɗin ƙofar baya ya yi tsaga, ya auna zurfin ciki ya sake yin tsaga, ya rataye ta a bango kusa da zarto. Daga ranar, kafin a tambayi mai kaya girman ɗakinsa, sai an tambayi sandar jif. Abin da ya wuce tsaga, a rage. Shi ya sa duk kabad ɗin da ya fito daga shagon nan gajere ne, doguwar riga sai ta naɗe ƙafa a ciki. Kujerar mutum uku takan zama ta mutum biyu da yaro. Akwai wani dogon malamin makaranta da ya dawo yana ƙorafi cewa ƙafafunsa suna reto a ƙarshen gado, Kafinta ya dube shi ido cikin ido ya ce ai likitoci ma sun ce kwanciya a lanƙwashe ta fi lafiya. Mata kuwa amsa ɗaya yake ba su: "Haka ake yayi yanzu." Wasu sun yarda, wasu sun koma wajen wani kafintan ba tare da sallama ba, shi kuma ya ce dama ba su san kaya ba.

A ƙarshen layin akwai shagon walda na ƙanin matarsa, wanda Magaji yake kira Kawu, Kafinta kuma yake kira Tartsatsi. Tsakanin mutum da ƙanin matarsa ai wasa ne, kuma da wasa aka fara, har ranar da Kawu ya sayi a-kori-kura don kai ƙofofin ƙarfe.

"Mijin Yaya, ina tsohuwa? Yau ma tana asibiti?"

"Ji mai motar awaki. Kai da kayanka da kaji duk a fili, kowa na kallon sirrinku."

"To ai mu aiki muke. Ka ɗora min get mai tsawon ɗakin nan, in ɗaure, in wuce. Taka fa? Sai an roƙe ta ta karɓi kujerar tsuguno."

"Mutum nawa take ɗauka? Kai da wani ɗaya, sauran su hau baya kamar buhuna. Ruwa ya zo, kun jiƙe. Rana ta zo, kun soyu. In babu kaya kuma gindinta sai rawa a hanya kamar bazawara ta ji kiɗa."

"Taka ko rawar ma ba ta iyawa, sai an tura."

Da a nan aka tsaya da an ji daɗi. Sai wata damina suka tafi gaishe da wata gwaggon matar Kafinta a bayan gari, a-kori-kura ta kafe a taɓo, tayoyin baya na juyawa a banza, jif ta ja ta ta fitar. Kafinta ya yi shekaru yana ba da labarin nan, kullum taɓon ƙara zurfi yake, har ya kai ga gilashi. Kawu ya shanye. Ranar ramuwa ta zo lokacin da jif ta mutu murus a tsakiyar titin kasuwa da rana tsaka. Kawu ya zo da igiya, kuma maimakon ya bi ta gajeriyar hanya, sai ya zaga da ita ta gaban kowane shago a hankali, yana danna oda, yana ɗaga wa mutane hannu. Kafinta na zaune a bayan sitiyarin da ba ya tuƙa komai, gumi na bin wuyansa. Da suka iso ya sauko, a gaban jama'a ya rantse cewa muddin yana numfashi, ko ƙafar kujera daga shagonsa ba za ta hau bayan motar Tartsatsi ba. Daga nan gaisuwa ta mutu. Inna, matar Kafinta, ta yi magana har ta gaji, ta koma kai wa ƙaninta ziyara a ɓoye kamar mai aikata laifi.

To, ana nan sai ga maganar tebur.

Ranar jif tana gareji, Kafinta na can ya tsare bakanike kada a sace masa noti, wata tela mai babban shago a bayan kasuwa ta zo ta tarar da Magaji shi kaɗai. Teburin yanka take so, dogo, wanda za ta shimfiɗa yadi ta yanka ba tare da naɗewa ba. Ta maimaita masa sharaɗinta har sau nawa: fuskar teburin ta zama falanki ɗaya, babu haɗi ko kaɗan. Ta ce tsohon teburinta haɗin da ke tsakiyarsa yana kama zaren yadi mai laushi, almakashi ya yi tuntuɓe, ta sha biyan kayan mutane.

Magaji ya dubi sandar da ke bango, ya dubi matar, ya ce, "Za a yi."

Ya shiga kasuwar katako ya tono wani falanki mai faɗi, busasshe, wanda ya daɗe a jingine saboda babu mai aikin da zai ci shi. Ya roƙi kawunsa ya kawo masa shi. Da Kafinta ya dawo da yamma, kafin ya ga falankin, sawun taya ya fara gani a ƙofar shago. Ya san sawun nan kamar yadda ya san tafin hannunsa.

"Wa ya shigo min nan da motar awaki?"

"Kawu ne, Baba. Katako ya kawo."

Kafinta ya shiga, ya ga falanki kwance daga wannan bango kusan zuwa wancan. Ya sauko da sanda ya ɗora. Sandar ta ƙare, falanki bai ma san an fara ba.

"A rage shi."

"Ba za a rage ba, Baba. Haka mai shi ta ce."

"Mai shi ce kafinta ko ni? A yi shi biyu, a haɗa a can."

"Haɗin ne ba ta so. Shi ya kawo ta."

"To da me za ka kai shi? A ka?"

Magaji ya ajiye abin da ke hannunsa. Mutum ne marar yawan magana, irin waɗanda ake ɗauka ba su da zuciya saboda ba sa ɗaga murya. Ya ce, "Baba, tun ina ƙarami nake yanke aiki mai kyau don ya shiga mota. Ban taɓa yi maka musu ba. Wannan guda ɗaya nake roƙo. Ni na karɓa, ni zan yi, ni zan kai. Rantsuwarka a kan kayanka ka yi, wannan nawa ne. In ya fita daga shagon nan yadda na yi shi, ina nan tare da kai har abin da Allah ya yi. In aka taɓa shi, wallahi na tafi."

Kafinta ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ji yaro da barazana. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Na ji, Baba. Amma na faɗa."

Makonnin da suka biyo baya shagon ya zama gidan kurame. Magaji yana gefe yana goge falanki, ya bi da sanfefa mai kaushi, ya bi da mai laushi, ya shafa da tafin hannu ido a rufe, ya sake bi. Ya yi masa ƙafafu masu kauri da ake ɗaurawa da noti. Da ya shafa man ƙyalli, sai zanen jikin icen ya fito tun daga wannan kai har wancan ba tare da yankewa ba, masu wucewa suka fara tsayawa suna leƙe. Kafinta yana ɗaya gefen yana buga ƙusa da ƙarfin da ya fi na ƙusar. In ɗan ya fita, sai ya matso ya shafa teburin. Ya san aiki, ba za a raina masa wannan ba. Ya san bai taɓa yin abu mai kyan wannan ba, kuma abin ya yi masa daɗi, ya kuma ƙona masa rai, duka a lokaci guda.

A gida Inna ta same shi yana cin abinci ta ce, "Malam, ka bar yaron nan ya kai teburinsa."

"Na hana shi ne? Ga jif nan."

"Jif ɗin da ko tabarma sai an naɗe? Kai dai girman kai rawanin tsiya. Ƙanina ya ja ka a kasuwa, to sai me? Kai ba ka ja shi a taɓo ba? An yi ɗaya-ɗaya, a wuce wurin mana."

"Ke dama ai jininku ɗaya."

"Shi ma Magajin jinina ne. In ka kore min ɗa saboda wannan gwangwanin, ka sani ni da kai sai kallo."

Ya ture kwanon ya tashi. Washegari da Magaji ya tafi sayen gam, Kafinta ya kira mai facin da ke maƙwabtaka da shi suka gwada. Suka buɗe ƙofar baya suka zura kan teburin, kusan rabi yana waje yana kallon sama. Suka ce a ɗora a rufi. Kariyar ɗora kaya da ke saman tsatsa ta cinye ta tun tuni, suna ɗora nauyi rufin ya yi wani ƙara ya lotsa, suka sauke da sauri. Mai faci, wanda ba a taɓa kunna wuta bai kawo fetur ba, ya share gumi ya ce, "Baba Kafinta, wannan karon dai tsohuwa ta sha ƙasa. Sai Tartsatsi." Kafin azahar duk layin ya ji.

Ranar kai kaya, Magaji ya kwance ƙafafun teburin ya jera su, ya lulluɓe fuskar da tsohon bargo. Kawu ya tafi kai wata ƙofa wani sabon gini, ya ce Magaji ya bi shi ya taya shi saukewa, daga can su zo tare. Da Magaji zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Baba, sai mun dawo." Kafinta bai ɗago ba.

Sai ya rage daga shi sai tebur. A waje mai faci yana gaya wa wani, da muryar da aka yi don a ji, cewa yau akwai kallo, a-kori-kura za ta yi ribas har cikin shagon Kafinta. Wani ya ce a ajiye masa wuri. Aka yi dariya.

Kafinta ya zauna a kan benci yana jin dariyar nan tana shiga masa har ƙashi. Yana ganin abin tun kafin ya faru: Tartsatsi ya sauko yana murmushi, ya ce, "Mijin Yaya, a kama mana nan." Sai wata dabara ta zo masa, irin dabarar da shaiɗan kan kawo wa gwani. Ai matar nan haɗin banza ta sani, na kafintocin zamani. Ba ta taɓa ganin haɗinsa ba. Shi da yake haɗa katako biyu a nemi wurin a rasa? Zai yanka, ya kai, ya haɗa a can kafin su dawo. Tela ta shafa ta ji sumul, yaro ya zo ya ga an gama, ya gane cewa uba uba ne. Ba wanda ya yi asara, rantsuwa ta tsira.

Ya yaye bargon. Ya sauko da sanda ya auna, ya ja layi da fensir. Da ya ɗora haƙoran zarto a kan ƙyallin nan, zuciyarsa ta ce masa bari. Ya ce mata ke ma Tartsatsi ya saye ki. Ja na farko shi ne mai wuya. Daga nan zarto ya kama hanya, ƙamshin icen ya cika shagon, dusa na zuba a ƙasa a layi ɗaya. Dariyar waje ta tsaya cak. Mai faci ya leƙo, ya koma rumfarsa ya sunkuyar da kai a kan wata taya.

Gunduwa biyun suka shiga jif lafiya lau, har ƙofa ta rufu.

A shagon ɗinki ya ce wa Tela ɗansa na tafe, shi ya riga shi ne don ya fara haɗawa. Ta ga katako biyu, ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu ya ce ta bari ta ga ikon Allah. Ya huda, ya sa 'yan turakun katako, ya shafa gam, ya matse, ya ɗaura ƙafafu, ya goge bakin haɗin, ya bi da man ƙyalli a yatsa. A faɗi gaskiya, haɗi ne na gwani. Daga bakin ƙofa ba za ka gan shi ba. Yana cikin goge hannu sai ga ƙarar a-kori-kura a waje, Magaji ya shigo da sauri, Kawu na biye da shi. Sun je shago sun tarar da dusa.

Magaji bai dubi ubansa ba. Ya je ya ɗora yatsa a kan teburin, ya ja shi a hankali, yatsan ya tsaya daidai wurin.

"Ai ba ya jin komai," in ji Kafinta. "Shafa da kyau. Sumul."

Tela ta ɗauko wani yadi mai santsi, ta warware shi a kan teburin, ta kwantar da almakashi ta tura shi yadda suke yi, ƙasan almakashin na bin katako. Ya tafi, ya tafi, sai ƙas. Ta ɗaga yadin ta duba, ga zare ɗaya ya ja. 'Yan matan da ke kan kekuna duk suka tsayar da ƙafa.

Ba ta yi wa Kafinta magana ba, shi ne abin da ya fi ci masa rai. Magaji ta juya ta kalla ta ce, "Kai ka ce min za a yi. Na ɗauka da mai aikin nake magana. Ashe hannunka ma ba naka ba ne. Ku kwashe abinku."

Kawu ya buɗe baki, kowa ya zaci zai yi irin tasa. Sai ya ce, "Mijin Yaya, ni ka tsana, to me yaron nan ya yi maka? Da ka ce min in ba shi makulli in ɓace daga layin na yini guda, wallahi da na yi."

"Ba da kai nake ba."

"Ai ba ka taɓa yi da kowa ba sai da mota."

Magaji ya durƙusa ya kwance ƙafafun teburin da kansa, gam bai gama kamawa ba, ya raba gunduwa biyun. Ya ɗauki ɗaya ya kai jif, ya dawo ya ɗauki ɗayar. Ya rufe ƙofar a hankali ya ce, "Ga shi nan, Baba. Ya shiga." Ya wuce da ƙafa.

Kafinta ya ɗauka fushi ne na kwana biyu. Ya ce wa duk mai son ji cewa yaro ne, zai huce, wa ya taɓa barin gidan ubansa saboda katako? Ya ce Tela ce ba ta iya riƙe almakashi ba. A gida Inna ta cika alkawari, takan ajiye masa abinci ta juya, ko tari ya yi ba ta cewa sannu. Magaji yana gaishe shi da safe a durƙushe kamar kullum, amma bai sake taka shagon ba sai ran da ya zo ya tattara kayan aikinsa a akwati, zai amsa kiran abokin nan nasa. Ya ɗauki nasa kaɗai, ko fensir na uban bai taɓa ba. A nan ne tsoro ya kama Kafinta, tsoro na gaske. Kalma ɗaya ake nema a wurinsa, ya san ta, tana nan a maƙogwaronsa. Ya juya ta, ya juya ta, ta ƙi fita.

Washegari da hantsi a-kori-kurar Kawu ta tsaya a ƙofar gida, wanda ke jikin shagon. Aka ɗora katifa, buhunan tufafi, tukwane, akwatin kayan aiki. Kafinta ya fito da bokiti da soso ya kama wanke jif ɗin da ya riga ya wanke. Surukarsa ta zo ta durƙusa ta yi masa sallama tana hawaye, yarinyar na saɓe a kafaɗarta tana miƙo masa hannu. Sai ga Magaji.

"Baba, za mu tafi. A yafe mana."

Kafinta ya matse soso. Abin da ya iya fitowa daga bakinsa shi ne, "Rana ta yi zafi. Ku shiga jif in kai ku tasha, akwai wuri."

Magaji ya dube shi, karo na farko tun ranar.

"A'a, Baba. Kar wani abu ya ƙi shiga ka ɗauko zarto."

Inna da ke bakin ƙofa ta sa gefen mayafi ta rufe fuska. Gaban motar mutum biyu yake ɗauka, Kawu ya zauna a sitiyari, surukar da yarinya suka shiga gefensa. Magaji ya taka taya ya hau baya, ya zauna a kan akwatinsa, ya jingina da bayan gidan direba.

A duk aibin a-kori-kura da Kafinta ya shekara yana lissafawa, akwai guda da bai taɓa lura da shi ba sai ranar. Wanda ya zauna a bayanta, baya yake kallo. Layin nan kuma dogo ne, miƙaƙƙe, duk ramuka, dole mota ta bi shi a hankali. Suka wuce rumfar mai faci, suka wuce shagon walda, fuskar ɗansa na kallonsa. Kafinta ya so ya shige shago, ƙafarsa ta ƙi. Ya so yaron ya zage shi, ko ya juya masa ƙeya, ko me, ya dai daina wannan kallon. Can ya ɗaga hannu, soso na ɗiga masa ruwa a gwiwar hannu.

Magaji bai ɗaga nasa ba, bai kuma kawar da kai ba, har motar ta sha kwana.